Mai Famfo da Katin Asibitin Ƙaninsa

Duk wanda bututun ruwansa ya taɓa fashewa a unguwar nan ya san Mai Famfo. Dogo ne mai kaushin hannu, kullum da sifana a aljihun baya. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana haƙa, yana yanka bututu, yana haɗawa, kuma da abu ɗaya yake tinƙaho: ba a kiransa gida sau biyu a kan aiki ɗaya. In ya ɗaure, ya ɗauru. A wurinsa, duk ma'aikacin da ya ce maka "zan dawo in duba", to ya san ha'incin da ya binne maka a bango. Mutum ne mai gaskiya, wannan kam ba a raba shi da ita. Sai dai yana da wani ciwo da likita bai taɓa gani a hoto ba, wato ƙyashin ƙaninsa. Ƙyashin nan ne kuma ya kai hannunsa kan wani ɗan kati da ran ƙanin yake rataye a jikinsa.

Su biyu ne maza a wurin uwarsu. Ubansu ya faɗi wata rana da hantsi yana riƙe da ciki, kafin a samo mota ya cika. Lokacin Mai Famfo yana da shekara goma sha shida, ƙaninsa Auta yana da bakwai. Babban ya ajiye littafi ya ɗauki diga, ƙaramin ya ci gaba da zuwa makaranta da wankakkiyar riga. Da Auta ya girma sai ya buɗe shagon aski a bakin titi, ga fanka, ga madubi bango guda, ga rediyo, ga benci cike da masu hira. Ya auri wata malamar makaranta mai sanyin hali. Komai na Auta a sauƙaƙe yake zuwa, ko mura ba ta kwana biyu a jikinsa.

Kada wani ya ce Mai Famfo ba ya son ƙaninsa. Taɓa Auta ka ga tashin hankali! Shi ma Auta bai taɓa yi wa yayansa musu ba, ko da kan maganar ƙwallo ce. Amma idan Mai Famfo ya fito daga rami da taɓo har gwiwa, ya bi ta gaban shagon ya hango Auta a inuwa ana ta ƙyaƙyata dariya, sai ƙyashin nan ya taso masa. Ya haɗiye, ya yi sallama, ya wuce.

Abu ɗaya ne nasa shi kaɗai. Yana da shekara hamsin da biyar ya fara jin wani abu yana bugawa a saitin cibiyarsa, sai ka ce an ƙara masa zuciya ta biyu. Aka duba, aka ce babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki, wadda ke rabuwa biyu ta nufi ƙafafu, ita ce ta kumbura kamar tsohon tiyo, saura ƙiris ta fashe. Abin da ya kashe ubansu ke nan. Aka tsaga shi tun daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya, aka matse jijiyar, aka ɗinka masa bututun yadi a gurbin ruɓaɓɓen wurin. Kwana huɗu bai san inda kansa yake ba, wata uku ko bokiti bai ɗaga ba. Da ya koma asibiti sau biyu, tsohon likitan da ya yi aikin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka, mun gama da kai." Mai Famfo ya ji daɗin maganar nan har cikin ransa. Ya ce wannan likita ɗan sana'a ne.

Ya fito da tabo mai ɗinki talatin da takwas, kuma wallahi tabon nan ya yi masa rana. Duk Asabar sai ya zo shagon Auta ya zauna a kan benci, in aka yi baƙo Auta da kansa zai ce, "Yaya, nuna masa." Sai ya yi ɗan jan aji, sannan ya ɗaga riga. A yi salati, a kashe rediyo, ya fara labari tun daga bugun cibiya. Shekara goma sha biyar yana ba da labarin nan, bai taɓa gundurarsa ba.

Malama, matar Auta, ita ta matsa wa mijinta ya je a duba shi, tunda abin ya ci ubansu ya taɓa yayansa. Ai kuwa aka samu. Nasa kumburin har ya gangara cikin reshen da ya nufi ƙafar dama. Da labari ya iso wa Mai Famfo gabansa ya faɗi, wannan gaskiya ne. Amma can ƙarƙashin tsoron, Allah ya yafe masa, ya ji wani ɗan daɗi-daɗi. Yau dai Auta zai ɗanɗana. Kuma wa zai riƙe hannunsa ya nuna masa hanya in ba wanda ya riga shi bi ba? Sati guda yana yi masa darasi: yadda ake tari da matashi a rungume, yadda ake saukowa daga gado ta gefe, yadda ƙishirwa ke yi wa mutum a kwana na biyu. Ranar ganin likita shi ya zauna a kujerar gaba, ya bar mai ciwon a baya.

Likitar wata gajeriyar mace ce mai tabarau. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, shi ba za mu tsaga shi ba."

"To ta ina za ku shiga? Ta baki?"

Ta yi murmushi, ta jawo takarda ta zana. Ta ce 'yar huda biyu za a yi a matsematsi, dama da hagu, inda jijiyar ƙafa take kusa da fata. Ta nan za a zura siririyar waya har cikin babbar jijiya, ana kallo a allon na'ura. A kan wayar za a tura wani bututun yadi mai ragar ƙarfe, a naɗe, in ya kai wurin sai a sake shi ya buɗe. Siffarsa kamar wando: ƙugu a sama, ƙafa ɗaya ta shiga reshen dama, ɗaya ta shiga na hagu. Jini ya riƙa bi ta cikin wandon, kumburin ya huta.

Mai Famfo ya ja takardar gabansa. Nan fa an shigo gonarsa. Ya ce, "Da me za ku ɗaure bakin? Ɗinki ko gam?"

"Babu ko ɗaya. Ragar ce ke buɗewa ta manne da bangon jijiya, sama da ƙasa."

"Wato a cusa bututu cikin bututu, a bar ruɓaɓɓen a inda yake."

"Haka ne, Baba. Shi ya sa dole ya riƙa dawowa." Ta ɗauko wani kati ruwan ɗorawa ta miƙa wa Auta. "Bayan wata ɗaya, sannan duk shekara, har iyakar rayuwa. Jijiya aba ce mai rai, tana iya ƙara faɗi, bakin ya saki, jini ya riƙa zurara cikin tsohon kumburin. Ba zai ji ciwo ba, ko kaɗan. Hoto ne kaɗai ke nunawa. In mun gani da wuri, ɗan gyara ne. In ba mu gani ba, ranar da zai ji ciwo ita ce ranar da ta fashe."

Da kunnuwansa biyu Mai Famfo ya ji wannan magana. Ba a bayansa aka yi ta ba.

Aka yi aiki cikin awa biyu. Wai Auta ma idonsa biyu, ƙasansa kawai aka kashe, har yana ba wani ma'aikaci shawarar yadda zai gyara sajensa. Rana ta uku ya fito da ƙafarsa ya shiga mota. Rana ta goma yana tsaye a shago da injin aski a hannu. Filasta biyu, kowace ba ta kai tafin hannun jariri ba. Matashin da Mai Famfo ya kai masa asibiti don tari, haka ya dawo da shi a hammata ba a taɓa ba.

Ya shiga gida ya jefar da shi kan kujera. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ai godiya ya kamata ka yi."

"Na ce miki ban gode ba?"

"Fuskarka ce ba ta gode ba."

Ya yi tsaki ya fita. Ƙyashi ne, ba wani abu ba, kuma ya san ƙyashi ne. Ciwo ɗaya, jijiya ɗaya, gadon uba ɗaya, shi an farke shi kamar buhu ya leƙa lahira ya dawo, shi kuwa ɗan gatan an yi masa cakulkuli a matsematsi an sallame shi! Har ciwon ma sai da ya zaɓi wanda zai yi wa da sauƙi?

Abin bai tsaya nan ba. Auta ya roƙo hoton cikinsa a asibiti, ya liƙa a gefen madubi. Ga wandon nan fes, fari tas a cikin baƙi, da ragarsa da ƙafafunsa biyu. Shago ya samu abin magana. Masu aski su tashi da kumfa a haɓa su je su leƙa, ana ta "ikon Allah", ana tsokanar Auta wai shi kaɗai ne mai wando ciki da waje. Wata Asabar Mai Famfo ya gaji da jira a ce ya nuna, ya ɗaga riga da kansa. Wani mai gyaran waya da ke kan kujera ya dubi tabon ta madubi, ya yamutsa fuska.

"Kai, Baba! Ashe da haka ake yi wa mutane? Sannu, wallahi sun yi maka aika-aika."

Sannu! Shekara goma sha biyar ana yi wa tabon nan salati, yau an koma yi masa sannu. Mai Famfo ya sauke rigarsa a hankali. Ranar ko askin bai tsaya an yi masa ba.

Auta ya je dubawar wata ɗaya, lafiya lau. Ya je ta shekara, lafiya lau, ya dawo da sabon hoto aka sake sabuwar hira. Da shekara ta biyu ta zagayo, ran wata Asabar da safe shago ya cika, Mai Famfo ya hango katin nan ruwan ɗorawa a soke a jikin madubi. Ya miƙe ya zare shi, ya nisanta shi da ido ya karanta.

"Jibi ke nan za a koma a leƙa?"

"Eh, Yaya."

"Jama'a, ku ba ni hankalinku. In na yi muku aiki a gida, na ce duk shekara zan dawo in fasa bango in duba, me za ku ce da ni?"

Wani tsohon direba da ba ya rabuwa da bencin ya ce, "Sai mu ce ba ka iya ba."

Aka kwashe da dariya. Mai Famfo ya ji dariyar nan ta ratsa shi kamar ruwan sanyi, rabonsa da ita an daɗe. Ya ƙara ƙaimi. "Su da kansu ba su yarda da aikinsu ba. Sun mai da min ƙane abin gwaji, duk shekara a kwantar da shi a koya wa ɗalibai. Ni shekara goma sha bakwai rabona da ƙofar asibitin nan. Ga ni."

Auta ya kashe injin. "Yaya, ai Likita ta ce..."

"Ina wurin ta faɗa. Kana jin ciwo?"

"A'a."

"Ka rame? Ka kasa cin abinci?"

"A'a, Yaya."

"To. Amma in yanzu ka fi ni sanin ciwon da na riga ka sha, shi ke nan, Allah ya ba da sa'a. Mu da aka yanka ai ba mu san komai ba."

Auta ya dubi yayansa, mutumin da ya bar makaranta dominsa, ya dubi mutanen da ke kallonsu. Ya karɓi katin, ya jawo aljihun tebur inda yake tara karyayyun matazai, ya jefa shi ciki ya tura.

"Shi ke nan, Yaya. An bar maganar."

Ko Mai Famfo ya yarda da abin da ya faɗa? Rabinsa ya yarda, rabin da ya yi shekara hamsin yana ɗaure bututu. Ɗaya rabin kuwa yana tuna muryar Likita sarai, sai dai ya toshe masa baki. Bayan kwana uku Malama ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, don Allah ku sa baki ya koma. Na yi na yi ya ƙi. Maganarku kaɗai yake ji."

"Ni na ɗaure masa ƙafa? Yaro ne shi?"

Ta miƙe ta yi sallama ta tafi. Ya so ya kira ta, girman kai ya hana. Ya ce a ransa bari a kwana biyu, zai sa shi ya je ba tare da an ce ya janye magana ba. Kwana biyu ta zama wata, wata ya zama shekara. An kira daga asibiti sau biyu, Auta ya ce yana nan tafe. Ga shi kuma sai ƙiba yake yi, yana ta raha. Duk ranar da Mai Famfo ya gan shi garau sai ya ce a ransa, to ba ga shi ba? Hoton gefen madubi ya koɗe, aka daina kallonsa. Asabar ta dawo hannun mai ita.

Shekara biyu da wata huɗu aka yi haka. Wata Talata da hantsi, Auta yana tsakiyar yi wa wani aski, sai ya ajiye injin ya dafe bayansa. Ya ce wani abu ya soke shi daga baya har matsematsin dama. Kafin a ankara gumi ya jiƙe masa riga, ya sulale ƙasa. Mai Famfo yana layi na biyu, kwance ƙarƙashin wurin wanke kwanukan wani gida, aka zo aka faɗa masa. Tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu ya yi gudun da bai san yana da shi ba. A mota shi ya rungume kan Auta a cinyarsa. Da ya ga inda hannun ƙanin yake dafe, bai tambayi kowa komai ba, ya riga ya sani.

Aka yi hoto a gurguje. Likitar nan mai tabarau ta fito da sauri tana ɗaura hula, ta sunkuya kan gadon da ake turawa.

"Bawan Allah, ina ka shiga? Mun yi ta kira. Me ya hana ka zuwa?"

Malama tana gefe ta sunkuyar da kai. Mai Famfo ya buɗe baki zai yi magana. Auta ne ya riga shi, da 'yar muryar da ta rage masa.

"Lalacina ne, Likita. Kullum sai in ce gobe. Ba wanda ya hana ni."

Bai ko dubi inda yayansa yake ba, don kada a gane. Kuma abin kunya, a daidai wannan lokacin, da ran ƙaninsa a hannun Allah, sai da Mai Famfo ya ji tsohon ƙyashin nan ya motsa masa: har a nan ma sai yaron nan ya fi shi? Aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Likita ta tsaya rabin minti ta yi musu bayani. Ta ce reshen dama ne ya ƙara faɗi, ƙafar wandon ta zame daga mazauninta, jini ya daɗe yana cika tsohon kumburin har ya yage. "Da ya zo bara, ɗan ƙari za mu sa masa ta matsematsi ya kwana ɗaya ya tafi. Yanzu sai abin da Allah ya yi. Ku yi addu'a."

Babu wanda ya kai Mai Famfo fahimtar wannan bayani a duk barandar. Haɗi ne ya saki. Ya zauna kan benci yana kallon hannuwansa, da sauran gam a farcensa. Malama ta zauna can ƙarshen bencin. Da la'asar Likita ta fito ta cire hular, tun kafin ta yi magana Malama ta fara salati. Jinin da ya zuba ya yi yawa, zuciyar ta kasa.

Rana ta uku ana zaune a ƙofar gidan Auta ana karɓar gaisuwa. Mai Famfo yana tsakiya a kan tabarma, kowa ya zo wurinsa yake fara durƙusawa. Mata suna ciki, labule ne kawai tsakani. Mutanen shago suka zo a ayari, aka yi addu'a aka shafa. Sai tsohon direban nan ya gyara zama ya girgiza kai.

"Ai kai ka faɗa tun farko, a gabanmu. Ka ce aikin wayar nan ba aiki ba ne. Ga shi kai da aka yanka kana nan da ƙarfinka. Da sun yi masa irin naka, da yanzu yana shago."

Aka yi ta "wallahi kuwa", "gaskiyarka ta fito", "ai babba ya san abin da ya hango". Shekara nawa yana jiran ya ji an faɗi haka a gaban jama'a. Yau ga shi an faɗa, ya ji kamar ana ɗura masa kananzir.

Mai Famfo ya ce, "Aikin lafiyarsa ƙalau." Ya ƙara ɗaga murya. "Aikin ba shi da laifi. An ce ya riƙa komawa, ni na hana shi. A gabanku na hana shi. Ba don na san komai ba, baƙin ciki nake yi da shi don bai sha wuyar da na sha ba."

Direba ya kama hannunsa. "Haba, haba, bar faɗin haka. Zafin rashi ne. Wa bai san yadda ka riƙe yaron nan ba?"

"A ba shi ruwa," in ji wani. "Kwana uku bai ci komai ba, dole ya yi sambatu."

Suka taru a kansa, wannan na dafa shi, wancan na ba shi haƙuri, ba mai saurarensa. Sai aka ji murya daga bayan labule, a hankali, ba kuka a cikinta.

"Ku bar shi ya faɗa. Haka aka yi."

Malama ce. Hannuwan da ke kafaɗarsa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mai Famfo ya ture kofin ruwan gefe, ya fara ba su labarin tun daga ranar da Likita ta miƙo katin, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.